Abin Da Ya Haɗa Igiyar Caja Da Kwanson Harsashi: Yadda Ƙarfe Ke Gajiya Da Yadda Wuta Ke Tausasa Shi

Duk wanda ya saba kai waya rumfar mai caji a Rawayya, ko a tashar motar Tsafe, ko a cikin garin Bungudu, ya san wannan matsalar. Za a sayi igiyar caja sabuwa fil, bayan wata biyu ko uku sai ta fara wasa. Sai an lanƙwasa ta, an tokare ta da wani abu, kafin ta kawo wuta. Kuma kusan kullum a wuri ɗaya take mutuwa, wato daidai wuyanta, inda igiyar ta haɗu da kan da ake soka wa waya.

Yawancin mutane kan ɗora laifin a kan rashin inganci, su jefar da ita su sayi wata. Rashin inganci yana cikin dalilan, amma akwai babban dalili da ya shafi ɗabi'ar ƙarfe kansa: idan aka yawaita lanƙwasa shi, yakan yi tauri, daga nan ya tsage. Wannan ɗabi'ar ce ta sa maƙera ke mayar da tagulla cikin wuta suna tsakiyar aiki. Ita ce kuma ke bayan bidiyoyin nan da wasu matasa ke cin karo da su a YouTube da TikTok, inda ake nuna Turawa suna gasa bakin kwanson harsashi a garejinsu. Ilimin da ke bayan abubuwan uku iri ɗaya ne. Sai dai ɗaya daga cikinsu, a Najeriya, hanya ce ta zuwa kurkuku ko asibiti.

Gwajin minti ɗaya

Mai karatu zai iya ganin abin da idonsa. A samu guntun wayar wutar gida mai sili ɗaya, a fere robar, a fito da jan ƙarfen. Lanƙwasawar farko babu wuya ko kaɗan. A miƙe shi, a sake lanƙwasawa a daidai wurin. Kafin a yi sau biyar ko shida, za a ji wurin ya ƙi, har ma lanƙwasar ta riƙa zamewa gefe, inda ƙarfen yake da sauran taushi. Idan aka dage, wurin zai ɗumama, ya yi ƙananan tsaga, sannan ya ɓalle.

Ba a ƙara wa ƙarfen komai ba, ba a rage masa komai ba. Wahalar da ya sha ce kawai ta sa shi tauri. Za a iya kiran wannan da taurin wahala.

Me ke faruwa a ciki?

A ido, jan ƙarfe abu ɗaya ne dunƙulalle. A ƙarƙashin madubin ƙara girma kuwa, gungu-gungu ne manne da juna, kamar ƙwayoyin gero a cikin dunƙulen fura. A cikin kowane gungu, ƙwayoyin zarra suna jere sahu-sahu bisa tsari.

Jerin ba ya cika daidai ɗari bisa ɗari. Nan da can akwai sahun da ya yanke a tsakiya, ya bar wata 'yar tattara. Waɗannan tattarorin su ne sirrin lanƙwasuwar ƙarfe. Misali, idan ana son matsar da doguwar dardumar masallaci gaba kaɗan, jan ta gaba ɗaya sai ƙarti da yawa. Amma idan aka tattaro ta daga gefe ɗaya, aka riƙa tura tattarar da ƙafa har ta fita ɗaya gefen, yaro ma zai iya. Haka ƙwayoyin ƙarfe ke zamewa: tattara ce ke tafiya, sahu bayan sahu. Masana uku ne suka bayyana wannan a shekarar 1934, kowa a nasa binciken: Geoffrey Taylor, Egon Orowan da Michael Polanyi.

Matsalar ita ce, kowace lanƙwasa tana haifar da sababbin tattarori. Da farko suna da filin wucewa. Daga baya sai su yi yawa, su sarƙe da juna, kamar 'yan kabu-kabu da masu Keke Napep a bakin kasuwar Gusau ranar jajiberin salla. Kowa yana son wucewa, babu mai motsi. Idan tattarorin suka daina tafiya, ƙarfen ya daina lanƙwasuwa. Idan aka ci gaba da matsa masa, ba shi da mafita sai tsagewa.

A cikin igiyar caja akwai siraran zaruruwan jan ƙarfe da yawa, wasu ba su fi kaurin gashi ba. Duk lokacin da aka kwanta ana latsa waya tana jikin caji, wuyan igiyar ne ke shan lanƙwasa. Zaruruwan kan tsinke ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka rage sai su ɗauki nauyin wutar duka, shi ya sa caji ke raguwa, wurin kuma ya riƙa zafi tun kafin igiyar ta mutu gaba ɗaya.

Abin da wuta ke yi

Maganin taurin wahala shi ne zafi. Idan aka gasa ƙarfen da ya yi tauri, ba tare da an kai shi ga narkewa ba, ƙwayoyin zarra kan samu kuzarin komawa mazauninsu. Wannan shi ne tausasa ƙarfe da wuta, abin da injiniyoyi ke kira anilin. Yana tafiya ne a matakai uku.

Mataki na farko, ƙarfen yakan saki jiki. Matsin da ya taru a cikinsa ya ragu, amma yana nan da mafi yawan taurinsa.

Mataki na biyu, sababbin gungu masu tsabtataccen jeri kan tsiro, su cinye tsofaffin da suka cuɗe. A nan ne taushi ke dawowa.

Mataki na uku, idan zafi ya yi yawa ko aka daɗe, sababbin gungun kan ci gaba da girma suna haɗiye juna. Ƙarfen sai ya yi laushi fiye da kima, ya rasa ƙwarinsa.

Saboda haka aikin ba na wanda ya fi hura wuta ba ne, aiki ne na ma'auni. Akwai kuma abin da wuta ba ta yi: ba ta ɗinke tsaga. Ƙarfen da ya riga ya tsage, ya tsage ke nan.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne batun tsomawa a ruwa. Idan maƙeri ya gasa ruwan gatari ya yi ja, ya tsoma shi a ruwa, ƙara tauri yake yi, domin baƙin ƙarfen yana ɗauke da sinadarin kabon. Jan ƙarfe da tagullar da ake ƙera kwanoni da ita ba haka suke ba. Ko an tsoma su a ruwa, ko an bar su sun huce da kansu, da taushinsu za su fito.

Maƙeran fari sun riga kowa sani

A ƙasar Hausa an raba ƙira gida biyu. Maƙeran baƙi su ne masu fartanya, garma, lauje da gatari. Maƙeran fari kuwa su ne masu aikin azurfa, tagulla da jan ƙarfe: zobba, mundaye, kayan adon doki da makamantansu.

Hausawa na cewa da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Wannan magana ta maƙeran baƙi ce. Maƙerin fari da ke fitar da faranti ko kwano daga fallen tagulla yakan buge shi ne da sanyinsa. Idan ya ji ƙarfen ya fara ƙin masaɓa, ƙararsa ta sauya, sai ya ɗauke shi da awartaki ya mayar cikin gawayi, a hura zuga-zugi har ya yi ja kaɗan, ya huce, sannan ya koma bugu. Haka zai yi ta zagayawa har aikin ya kammala. Masu aikin tagulla na Bida a Jihar Neja, waɗanda farantansu da butocinsu suka yi suna har a kasuwar Kurmi ta Kano, da irin wannan dabara suke aiki. Ba su da na'urar auna zafi. Launin ƙarfen da ƙararsa su ne ma'auninsu.

Tagullar da ta fi jure irin wannan aiki gauraye ce: kashi 70 cikin ɗari jan ƙarfe, kashi 30 tutiya, wato sinadarin nan da ake shafe kwanon rufi da shi don kada ya yi tsatsa. A masana'antun duniya sunanta ma shi ne tagullar harsashi, domin da ita aka fi yin kwanso.

Darasin daminar Indiya

A masana'anta, kwanson harsashi yana farawa ne daga ɗan ƙaramin faifan tagulla. Injina kan matsa shi su ja shi mataki-mataki har ya zama dogon ƙoƙo. Kowane ja yana ƙara masa tauri, don haka ake gasa shi a tsakanin matakai, kamar dai yadda maƙerin fari ke yi.

A ƙarshen ƙarni na 19, sojojin Ingila da ke Indiya sun gamu da wata matsala da ta ɗaure musu kai. Idan damina ta sauka, yaƙi ya lafa, sai su adana harsasai, wani lokaci a bargar dawakai. Idan rani ya yi aka buɗe akwatuna, sai a tarar da kwansuna da yawa sun tsage a wuya, alhali ba wanda ya taɓa su. Tun da abin yana bin lokacin shekara, sai suka sa masa suna tsagewar yanayi.

Sai a shekarar 1921 wasu masu bincike uku, Moore, Beckinsale da Mallinson, suka warware dalilin. Abubuwa uku ne suka haɗu: matsin da ya rage a cikin tagulla tun daga masana'anta, da laimar damina, da sinadarin amoniya da ke tashi daga fitsarin dawakai. Maganin da aka samu shi ne a gasa kwanson bayan an gama ƙera shi, don matsin ya saki. Shi ya sa a wuyan kwansunan sojoji da yawa ake ganin wani launi mai shuɗi-shuɗi, wanda shaidar wuta ce.

Darasin bai tsufa ba. Kan tukunyar gas, famfon ruwa da ƙafafun fulogin nan mai baki uku, yawancinsu tagulla ne. Ajiye irin waɗannan kaya a wuri mai laima kusa da turken dabbobi, ko kusa da jiƙaƙƙen buhun takin yuriya, yana iya rage musu kwana.

Bidiyon Amurka, dokar Najeriya

Yanzu a dawo kan bidiyoyin can. A Amurka, dokar tarayya ta bar mutum ya sake cika kwanson da ya harba, muddin don amfanin kansa ne. Mafarauta da masu gasar harbi suna yin haka don rage kashe kuɗi. Kowane harbi yana buɗa wuyan kwanso, kowace matsewa tana ƙara masa taurin wahala, don haka suke gasa wuyan kada ya tsage. Abin da bidiyon ke nunawa ke nan.

Abin da bidiyon ba ya faɗa wa mai kallo a Zamfara shi ne, dokar can ba ita ce ta nan ba. Dokar Makamai ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta hana mallakar harsashi ba tare da lasisi ba. Ta kuma hana ƙera ko harhaɗa bindiga da harsashi a wajen wuraren da gwamnati ta amince da su. Ƙera harsasai aikin hukuma ne, irin Kamfanin Ƙera Makamai na Najeriya, DICON, da aka kafa a Kaduna a 1964. A shekarar 2021 kuma aka kafa cibiyar ƙasa ta daƙile yaɗuwar ƙananan makamai, a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

A jihar da matsalar 'yan bindiga ta kai ga katse layukan sadarwa gaba ɗaya a watan Satumban 2021, ba sai an yi dogon bayani ba. Matashin da aka tsayar a shingen bincike tsakanin Tsafe da Gusau, aka samu kwansuna a aljihunsa, ko hotonsa a waya yana wasa da su, zai sha wahala kafin ya gamsar da jami'ai cewa sha'awar kimiyya ce kawai.

Ko da an ajiye doka gefe, haɗarin jiki yana nan. Matsin da ke tashi a cikin bindigar yaƙi lokacin harbi ya ninka iskar tayar mota fiye da sau dubu. Gindin kwanso ne ke tare wannan matsi, shi ya sa masana'anta ke barin sa da taurinsa. Idan zafi ya gangara ya tausasa gindin, kwanson na iya fashewa a fuskar mai harbi. Bambancin da ke tsakanin daidai da kuskure ba abu ne da ido ke iya tantancewa ba.

Haɗarin da ya fi kusa da gida

A ƙauyukan Zamfara, abin da ya fi yiwuwa ba cika harsashi ba ne. Yara da 'yan gwangwan su ne kan tsinci kwansuna a gona ko a bakin hanya, tun da tagulla tana da daraja a kilo. A nan akwai haɗura uku.

Na farko, a cikin tsintuwa akan samu harsashin da bai tashi ba. Idan ya shiga wuta, ko aka buge shi da dutse, zai fashe, ɓarɓashinsa kuma na iya tsiyaye ido.

Na biyu, hayaƙin tutiya. Tutiya tana tafasa ne a wajen digiri 907 na ma'aunin Salshiyos, ita kuwa tagulla ba ta narkewa sai an ɗan haura haka. Saboda haka duk inda ake narka tagulla akwai wani farin hayaƙi da ke tashi. Wanda ya shaƙe shi, bayan wasu awanni zai iya jin zazzaɓi, rawar ɗari, ciwon jiki da ɗanɗanon ƙarfe a baki. Da yawa sukan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Yakan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma alama ce ta cewa huhu ya sha abin da bai kamata ba.

Na uku, kuma mafi muni, dalma. Ɗan maɓallin da ke gindin kwanso, wanda ke kunna albarushi, yawanci yana ɗauke da sinadarin dalma, kuma ƙurarsa kan maƙale a jikin kwanson. Zamfara ta san dalma fiye da kowace jiha. A shekarar 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum irin su Dareta, Bagega da 'Yargalma, yara aƙalla 400 suka rasu sakamakon gubar dalma, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Sai da ƙungiyar likitoci ta MSF da wasu hukumomi suka shafe shekaru suna jinya da kwashe gurɓatacciyar ƙasa. Yaro ƙarami da ke sa kwanso a baki yana busawa kamar usur, ƙurar dalma yake haɗiya.

Wanda ya ga harsashi ko tarin kwansuna, abin da ya fi shi ne ya bar su a inda suke, ya hana yara zuwa wurin, ya sanar da mai unguwa ko jami'an tsaro.

Inda wannan ilimi yake a cikin waya

Ga matashin da kimiyyar abin ta burge shi, ba sai ya je kusa da harsashi ba. Tana cikin aljihunsa.

Zaruruwan igiyar caja daga sandar jan ƙarfe aka ja su, ta ramuka masu raguwar faɗi, har suka sirance. Wannan jan yana sa su tauri, don haka ake gasa su kafin a lulluɓe su da roba. Tausasasshen jan ƙarfe ma shi ne ma'aunin da duniya ke gwada sauran ƙarafa da shi wajen ɗaukar lantarki, tun daga 1913. Idan aka ba shi maki 100, alminiyam yana da kusan 61, tagulla mai kashi 70 da 30 kuma kusan 28.

Masu gyaran waya a Bebeji Plaza ta Gusau ko kasuwar Farm Centre ta Kano sun san fleks, siririn fallen nan mai ruwan goro da ke haɗa sikirin da allon waya. Wanda aka yi don ya riƙa motsi kullum, da jan ƙarfen da aka murza kuma aka gasa ake yin sa, saboda ya fi jure lanƙwasa. Irin wannan ne ke ratsa gaɓar wayoyi masu naɗewa, kamar Samsung Galaxy Fold da ta fito a 2019, wadda kamfanin ya ce an gwada ta da naɗi 200,000, da Tecno Phantom V Fold ta 2023.

Ƙwaƙwalwar waya ita ma ta bi ta wuta. A masana'anta ana harba ƙwayoyin wasu sinadarai, irin su boron da fosforos, cikin fallen silikon. Harbin yana ɓata jerin ƙwayoyin zarra. Sai a ɗumama fallen zuwa kusan digiri 1000 na 'yan daƙiƙu, jerin ya koma daidai. Ba don wannan gashin ba, da babu wayar da za ta kunnu.

Yadda igiyar caja za ta yi kwana

Tun da ba a iya gasa igiyar caja, saboda roba za ta ƙone kuma tsinkakken zare ba ya haɗuwa, rigakafi ne kawai mafita.

A riƙa kama kan cajar wajen cirewa, ba igiyar ba.

A rage latsa waya a kwance tana jikin caji, musamman idan gindinta yana tokare da ƙirji ko katifa. Mai yawan wasan gem ya nemi igiya mai lanƙwasasshen kai.

Wajen naɗewa, a yi mata sakakken zagaye kamar gammo. Ɗaure ta tamau a jikin kan caja ko fawa bank yana kashe ta da wuri.

A duba wuyan igiya kafin a saya. Wadda robar wuyanta ke da tsawo da taushi tana raba lanƙwasa a wuri mai faɗi. Za a iya ƙarfafa wadda ake da ita ta hanyar naɗa mata sifirin ɗin biro.

A yi hattara da mai arha fiye da kima. Wasu zaruruwansu alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Sun fi saurin tsinkewa, kuma caji ya fi tafiyar hawainiya. Idan igiya ta mutu, a fere ta a kankare zaren da reza. Idan fari ya bayyana a ciki, an gane irin wadda ba za a sake saye ba.

Igiyar da wuyanta ke zafi, ko ya kumbura, ko zare ya leƙo, a daina amfani da ita nan take. Barin ta a jone cikin dare a kan katifa na iya jawo gobara. Kuɗin sabuwar igiya bai kai na sabon allon waya ba, balle na ɗaki.